Caca Ko Ta Sake Suna: Hukuncin Zuba Kuɗi a Kan Gasar Wasannin Salula da Kwamfuta

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya raya mu har muka riski wannan wata mai alfarma, ya halatta mana daɗaɗan abubuwa, ya haramta mana munana saboda tausayinsa gare mu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu sauraronmu a cikin garin Mayahi da ƙauyukan da ke bakin Gulbin Kaba, da na Kanembakashe da Sarkin Hausa da Isawan da Gidan Amumun, har zuwa Tasawa da Maijirgi da Urafan, Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Darasinmu na yau amsa ce ga wata tambaya da ta yi ta zo mana tun shigowar watan nan, daga bakin iyaye da kuma bakin samari su kansu. Iyaye suna kukan cewa ƴaƴansu sun duƙufa a kan salula tun daga bayan asham har lokacin sahur, wata rana da murna, wata rana da ɓacin rai, kuma kuɗi ba ya kwana a hannunsu. Samarin kuwa suna cewa abin da suke yi ba caca ba ne, tunda babu karta a ciki. Wai gasa ce ta gwaninta da ake bugawa a kwamfuta, su kuma sun san gwanayen, shi ya sa suke sa kuɗi a kan wanda suka san zai ci. Wasunsu ma sun ƙara da cewa yanzu abin ya zama kasuwa, ana saye ana sayarwa kamar kowane ciniki.

Malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san surarsa. Don haka za mu fara da bayyana wa dattawanmu mene ne wannan abu, domin kada uba ya hana abin da bai sani ba, ɗa kuma ya raina masa hankali.

Wasannin da yaranmu ke bugawa a salula, irin su Free Fire da PUBG da wasan ƙwallon ƙafa na eFootball, a wasu ƙasashe sun zama sana'a. Akwai ƙungiyoyi masu koci da albashi, akwai manyan zaurukan da mutane ke cikawa domin kallon samari suna fafatawa a gaban allon kwamfuta, miliyoyi kuma suna kallo ta intanet. A shekarar 2021, kyautar da aka raba a gasar duniya ta wani wasa mai suna Dota 2 ta haura dalar Amurka miliyan 40. A shekarar 2024 an yi gasar cin kofin duniya ta irin waɗannan wasanni a birnin Riyad na Saudiyya, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Idan mun ce dala a nan muna nufin ta Amurka, ba dalarmu ta tamma biyar ba.

To, duk inda jama'a suka taru suna kallon wa zai ci, masu caca ba sa nisa. Dattawanmu sun san tikitin PMU, inda mutum yana zaune a Maraɗi yake zuba kuɗi a kan sukuwar dawakin da ake yi a Faransa. Samari sun san cacar ƙwallon Turai. A shekarar 2020, da annobar korona ta tsayar da wasannin ƙwallo a duniya, sai kamfanonin caca suka karkata ga wasannin kwamfuta domin kada kasuwarsu ta mutu. Daga nan aka yawaita wasu gajerun wasanni na ƴan mintoci, ana gama wannan ana fara wancan, dare da rana. A da ɗan caca sai ya jira Asabar ko Lahadi. Yanzu kafin shayin fada ya tafasa karo na biyu, an ci shi sau uku.

Sai kuma sabuwar rigar da abin ya sanyo, wadda ake kira kasuwar hasashe. Mafi shahara a cikin masu wannan harka su ne Polymarket, wanda aka buɗe a Amurka a shekarar 2020, da kuma Kalshi. Ga yadda take tafiya. Ana rubuta tambaya, misali: ƙungiya kaza za ta ci ƙungiya kaza a wasan daren yau? Sai a riƙa sayar da takarda iri biyu, ta "e" da ta "a'a". Mu ƙaddara da kuɗinmu cewa kowace takardar da ta ci za a biya mai ita jika guda. Mai ganin ƙungiyar za ta ci ya sayi takardar "e" a kan sefa 600. Mai ganin ba za ta ci ba ya sayi ta "a'a" a kan sefa 400. Idan aka tashi wasa, ɗaya ya kwashe jika guda, ɗayan kuma takardarsa ta zama banza. Kafin a tashi, farashi yana hawa yana sauka, mutum yana iya sayar da takardarsa ga wani. Saboda wannan hawa da sauka ne suke kiranta kasuwa, suke kiran takardar hannun jari. A zaɓen shugaban Amurka na 2024, kuɗin da suka yi yawo ta wannan hanya a Polymarket kaɗai sun haura dala biliyan 3, kuma a yau har sakamakon wasannin kwamfuta ana sayar da takardunsa. Wannan nau'i bai kai cacar ƙwallo yaɗuwa a wajenmu ba, amma abin da ya shiga salula ba ya tsayawa a bakin iyaka ya nemi izini.

Tunda mun san surar abin, sai mu koma ga hukuncinsa. Cacar da Alƙur'ani ya ambata da sunan maisir, Larabawan jahiliyya sun kasance suna yin ta da raƙumi. Mutane goma za su karɓi raƙumi bashi, su yanka, su kasa naman. Sai a kawo kibau goma a zuba a jaka. Bakwai daga ciki suna da rabo, daga mai kashi ɗaya har mai kashi bakwai, uku kuma ba su da komai. Wanda kibiyarsa ta fito da rabo ya ɗebi nama, waɗanda ta fito musu fayau su ne za su biya kuɗin raƙumin. Abin lura a nan shi ne, sau da yawa waɗanda suka ci ba sa kai naman gidajensu, matalauta suke raba wa, suna alfahari da hakan, suna zagin wanda ya ƙi shiga da rowa. Duk da wannan sadaka da ke ciki, Allah ya haramta ta. Wannan ya isa amsa ga mai cewa idan ya ci zai taimaki iyayensa ko ya sa hannu a ginin masallaci.

Haramcin ya sauka daki-daki. A Suratul Baƙara, aya ta 219, aka haɗa giya da caca, aka tabbatar cewa akwai ɗan amfani a cikinsu ga mutane, amma zunubinsu ya rinjayi amfaninsu. Daga baya, a Suratul Ma'ida, aya ta 90, aka jera caca tare da giya da gumaka da kiban ƙuri'a, aka siffanta su da ƙazanta daga aikin Shaiɗan, aka yi umarni da a nisance su. Aya ta 91 ta faɗi dalili: Shaiɗan yana son ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu ta hanyarsu, ya kange mu daga ambaton Allah da salla. Ku dubi irin maƙwabtan da aka zaunar da caca a tsakaninsu, ku san nauyinta. Kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya gayyaci abokinsa zuwa caca, ko da ba su kai ga yi ba, an umarce shi da ya yi sadaka domin kankare wannan furuci. Idan gayyata kawai tana bukatar kaffara, ina ga wanda ya tura wa abokansa goma manhajar domin kamfani ya ba shi lada?

Ma'aunin da malamai suka ba mu na gane caca mai sauƙi ne, kowa yana iya riƙe shi. Duk mu'amalar da mutum zai sa kuɗinsa, ya kasance tsakanin ya ci na wani ko wani ya ci nasa, kuma abin ya rataya a kan wani al'amari da ba a san yadda zai kaya ba, to caca ce. Mu auna kasuwar hasashe da wannan ma'auni. Jikar da mai takardar "e" ya karɓa, daga ina ta fito? Sefa 600 nasa ne, sefa 400 na ɗan'uwansa ne da ya faɗi. Me ya ba ɗan'uwan nasa a madadin 400 ɗin? Babu komai. Bai ba shi haja ba, bai yi masa aiki ba.

Mu kwatanta da cinikin da muka sani. Ɗan kasuwa ya sayi buhunan hatsi ko wake da kaka a kasuwar Mayahi, ya ajiye, yana fatan farashi ya tashi kafin damina. Shi ma bai san gaibu ba, yana iya riba yana iya faɗuwa. Amma manomin da ya sayar ya tafi da kuɗinsa, ɗan kasuwa ya tafi da hatsinsa, kowa ya riƙe abu a hannu. Ko farashi ya karye, hatsin yana nan, iyali za su ci. Har sayen amfanin gona tun bai zo ba shari'a ta yarda da shi a cinikin salam, da sharaɗin a biya kuɗi nan take, a san mudu, a san nau'i, a san lokacin bayarwa. Takardar hasashe fa? Idan aka tashi wasa ba ta ci ba, ko akuya ba za ta samu abin taunawa a cikinta ba. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana cinikin garari, wato wanda ƙarshensa yake a ɓoye, kamar yadda Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira. Wannan kuwa gararin ne kansa aka ɗora a faifai ake talla. Hatta hukumomin da ba su yi hukunci da shari'ar Musulunci ba sun gane haka. A ƙarshen 2024 aka rufe wa mutanen Faransa ƙofar Polymarket bayan hukumar kula da caca ta ƙasar ta sa masa ido, a farkon 2025 kuma Singafo ta toshe shi a matsayin dandalin caca mara izini. Kada ya zamana waɗannan sun kira abu da sunansa, mu kuma masu karanta Suratul Ma'ida muna neman masa sunan yabo.

Saura maganar saurayin da ke cewa shi ya san wasan, ba sa'a yake bi ba. Ɗana, Allah ya yi maka albarka, saninka bai canza inda kuɗin ke fitowa ba. Gwanin karta ma sani gare shi, amma babu malamin da ya halatta masa abin da ya ci. Sa'an nan ka yi wannan lissafi tare da mu. Ƙungiya biyu ƙarfinsu ɗaya. Mutum 100 kowa ya zuba jika guda a kan ta farko, wasu 100 suka zuba a kan ta biyu. An tara jika 200. Kamfani ya yi alkawarin ba wanda ya ci sefa 1850 a kan jikarsa. Kowace ƙungiya ta yi nasara, abin da zai fitar jika 185 ne, jika 15 ta zauna a aljihunsa. Shi bai damu da wa ya ci ba, rabonsa a yanke yake tun kafin a fara. Wannan misali ne kawai, amma a kan irin wannan gini duk gidajen caca suke tsaye. Wanda ya daɗe yana zubawa, sannu a hankali wannan ɗan gibi zai cinye shi. Kuma yawanci wanda ya fi ganin ya iya shi ne ya fi nutsewa, domin duk faɗuwar da ya yi sai ya ce kuskure ne kaɗan, gobe zai gyara. Garin neman gira aka rasa ido.

Bayan haka, wa ya gaya maka wasan da kake kallo na gaskiya ne? A shekarar 2013 aka kama wani ɗan wasan Dota 2 ɗan ƙasar Rasha ya zuba kuɗi a kan cewa za a ci ƙungiyarsa, domin ya samu dala 322, har wannan lamba ta zama habaici ga duk mai sayar da wasa. A shekarar 2015 kamfanin Valve ya kori wasu ƴan wasan Counter-Strike na Amurka saboda sun bari an ci su da gangan. A shekarar 2016 aka tsare wani zakaran duniya na wasan StarCraft a Koriya ta Kudu a kan laifin karɓar kuɗi ya faɗi. A watan Maris na 2024 aka dakatar da mutum 32 a gasar League of Legends ta ƙasar Biyetnam domin bincike a kan irin wannan zargi. Waɗannan su ne waɗanda asirinsu ya tonu. Kai kana zaune a kan benci a Tasawa kana nazarin gwaninta, alhali mai yiwuwa an gama ciniki a wani ɗaki da ba za ka taɓa gani ba.

Wani zai ce, to ai a Saudiyya ma ana gasar ana ba da kyauta. Da farko dai, aikin wata hukuma ba shi ne hujja a addini ba, hujja tana ga Littafi da Sunna. Na biyu, akwai bambanci tsakanin kyautar da wani na gefe ya ɗauko daga dukiyarsa ya ba wanda ya yi fice, da kuɗin da ƴan kallo suka haɗa domin wasu su cinye na wasu. Hadisin Abu Huraira da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya keɓe sa lada a gasa ga abu uku: harbin kibiya, tseren raƙuma da tseren dawaki, saboda amfaninsu wajen tsaron al'umma. Ko a waɗannan ukun, mu duba yadda mazhabarmu ta tsananta. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukanmu, kusa da ƙarshen littafin an kawo ra'ayin Imamu Malik cewa idan ɗaya daga cikin masu tsere ya sa kyauta, wani ya riga shi, to wancan ya ɗauka. Idan kuwa mai kyautar ne ya zo na ɗaya, ba za ta koma aljihunsa ba, sai a ba wanda ke bi masa, in kuma su biyu ne kaɗai, waɗanda suka halarta su ci. Dubi yadda aka toshe ƙofar ci da ciwuwa ga mahaya doki su kansu. Ina kuma ga ɗan kallon da bai hau ba, bai yi gumi ba? Babu saɓani tsakanin malamai cewa zuba kuɗin ƴan kallo a kan wa zai ci haramun ne.

Masu ɗan karatu a cikin samari sukan kawo ƙissar Sayyidina Abubakar Siddiƙu, Allah ya ƙara masa yarda. Lokacin da Farisa ta rinjayi Rumawa, mushirikan Makka suka yi murna, sai farkon Suratur Rum ya sauka yana ba da labarin cewa Rumawa za su yi rinjaye cikin ƴan shekaru. Abubakar ya yi musu da Ƙuraishawa a kan haka har suka sa abin ci a tsakaninsu. Ƙissar tana nan, amma a Makka ta auku kafin hijira, haramcin caca kuwa a Madina ya sauka. A ruwayar Tirmizi an faɗa ƙarara cewa wannan ya faru ne kafin a haramta irin wannan sharaɗi, kuma a kan haka mafi yawan malamai suka tafi. Wanda ya kafa hujja da ita kamar wanda ya kafa hujjar shan giya ne da cewa wasu sahabbai sun sha kafin ayar hani. Sa'an nan Siddiƙu a kan wahayi ya dogara, yana kare gaskiyar Alƙur'ani. Kai a kan me ka dogara?

Ya ku iyaye, mu yi adalci. Ba kowane yaron da ke buga wasa a salula ne ɗan caca ba. Wasan da babu kuɗi a ciki, bai ɗauke da alfasha ba, bai hana salla ko karatu ko aikin gona ba, malamai da yawa na wannan zamani sun sassauta a kansa, ko da yake ɓata dare a kansa asara ce. Amma akwai wata ƙaramar ƙofa da muke so ku lura da ita. A ɗakunan wasan da ake biya a buga, yara sun saba da ƙa'idar cewa wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan duka. Wannan dala ashirin ko dala hamsin ita ce makarantar farko, domin ma'aunin nan da muka faɗa ya hau kanta: kowa ya shiga yana tsakanin ya ci ko a ci shi. Gyaran mai sauƙi ne, kowa ya biya rabonsa, ko ɗaya ya biya don kyautatawa tun kafin a fara. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mu kuma tuna ko kuɗin wa ake zubawa. Mu mutanen karkara ne, damina ɗaya muke da ita a shekara. Kuɗin da ke shiga hannun saurayi a wannan yanki sanannu ne: na tiyar wake ko gyaɗar da aka kai kasuwa, na tabarmar kabar da uwa ta kwana tana saƙa, na ɗan akuyar da aka sayar, na kabu-kabun da aka yini ana turawa cikin rana, ko kuwa abin da wa ya aiko daga cin rani a Kano ko Agadas ko Libiya domin a sayi hatsin bazara. Da yake yawancin iyaye ba su iya sarrafa salula ba, sai aike ya sauka a wayar yaro. Nan Shaiɗan yake raɗa masa cewa ya juya jika biyar ta zama goma kafin gari ya waye, ba wanda zai sani. Idan ta tafi sai ƙarya ta biyo baya: wai layi ne ba kyau, wai ba a aiko ba tukuna. Daga ƙarya sai bashi, daga bashi sai hannu ya kai ga rumbu. Wa da ƙane su daina magana, abokan fada su rabu. Wannan ita ce gaba da ƙiyayyar da aya ta faɗa, muna ganinta da idonmu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma, a jerin cututtukan da ta amince da shi a 2019, ta sanya kamuwa da wasannin kwamfuta kusa da kamuwa da caca a babin jaraba. Wanda ya haɗa biyun ya ɗaure kansa da igiya biyu.

Yanzu muna cikin Ramadan, goman ƙarshe na ƙaratowa, hankalin samari ya fara komawa ga kayan salla. A irin wannan lokaci ne mai jika uku yake kwaɗayin ta zama kuɗin shadda. Ya kai mai azumi, ka bar ruwa da abinci waɗanda halal ne tun alfijir har faɗuwar rana saboda Allah, yaya za ka buɗe baki ka kwana a kan abin da yake haramun dare da rana? Muslim ya ruwaito labarin matafiyin da ya yi doguwar tafiya, ya yi ƙura, yana ɗaga hannu yana roƙon Ubangiji, alhali cinsa da shansa da tufarsa daga haram suke, aka nuna nisan karɓar addu'arsa. Tsohuwar riga wankakkiya ta halal ta fi maka alheri a filin idi a kan sabuwar da aka ɗinka da hawayen wani.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya yanke ƙauna, ƙofar tuba a buɗe take, kuma babu watan da ya fi wannan dacewa. Ya daina yau, ba sai ya mayar da abin da aka ci shi ba, domin neman mayarwa shi ne ramin da ya fi zurfi. Ya goge manhajar daga salularsa, ya fita daga zaurukan WhatsApp da Telegram da ake raba hasashe, ya nisanci zaman da ake wannan hira. Abin da ya ci yana hannunsa, idan ya san mai shi, kamar abokin da suka yi tsakaninsu, ya mayar masa. Idan daga kamfani ne, malamai sun ce ya fitar da shi ga matalauta ko wata maslahar jama'a da niyyar tsarkake kansa, ba da niyyar neman ladan sadaka ba. Kuɗin iyaye ko na ɗan'uwa da ya salwantar bashi ne a wuyansa, ya faɗi gaskiya, ya nemi gafara, ya biya a hankali. Idan yana son ƙananan kuɗinsa su taru, ga adashi nan da iyayenmu mata suka riƙe tun da daɗewa: kowa abin da ya zuba shi yake kwasa, babu mai kuka.

Ku kuma iyaye, idan ɗanku ya zo muku da wannan gaskiya, kada duka da tsinuwa su zama amsarku ta farko, domin wanda aka kora daga gida wajen abokan cacar zai koma. Ku karɓe ragamar kuɗin aike daga hannunsa, ku riƙa kiran mai aikowa kuna tabbatarwa, ku sama masa abin yi da rani, ko lambu ko kiwo ko koyon sana'a. Masu shagunan tura kuɗi da cajin salula, wanda bai san abin da za a yi da kuɗi ba babu laifi a kansa, amma wanda ya mai da kansa wakilin zuba wa yara caca ya sani cewa an hana mu taimakekeniya a kan zunubi. Shugabannin fada, ku ne kuka fi kowa sanin wanda ya fara nutsewa, ku riƙe hannunsa tun ruwa bai kai wuya ba. A shekarar 2024 hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan caca da dama. Shago ana iya sa masa kwaɗo, amma shagon da ke cikin aljihu babu mai rufe shi sai tsoron Allah, kuma domin samun wannan tsoro aka wajabta mana azumi.

Ya Allah ka wadatar da mu da halal ɗinka ga barin haram ɗinka. Ka shirya mana zuriyarmu, ka tsare samarinmu daga kwaɗayin abin da ba su yi wa gumi ba. Ka karɓi tuban masu tuba, ka biya wa masu bashi bashinsu, ka dawo da matafiyanmu lafiya. Ka ba mu damina mai albarka, ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, ka sa mu cikin bayinka da kake ƴantawa a wannan wata. Sai gobe idan Allah ya kai mu a daidai wannan lokaci.